Kura da Shan Bugu: Tarken Taurari da Ƙarshen Labari a Fim ɗin Mister Johnson

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce yin tarken wani fim na Turawa mai suna *Mister Johnson*, wanda aka fitar a shekarar 1990. Za a dube shi ta fuskoki biyu kawai, wato yadda aka gina taurarinsa da yadda aka kai ƙarshen labarinsa. Ba a saba ganin tarken fim ɗin Turawa a mujallar nazarin harsunan Nijeriya ba, saboda haka ya kamata a faɗi dalili tun da fari. A ƙasarmu aka ɗauki fim ɗin, labarin Arewacin Nijeriya na zamanin mulkin mallaka yake bayarwa, kuma a cikinsa akwai sarki da waziri da dogarai da fatake da leburori. Duk aikin da ya ɗauki surar al'umma ya kai ta kasuwar duniya, haƙƙi ne a kan manazarta adabin wannan al'umma su auna shi.

Abin da ya jawo rubutun shi ne wani kallo da muka yi a masaukina da ke Galtimari, cikin Maiduguri, inda aiki ya kawo ni. Mu biyar ne, ni da maƙwabtana. Da fim ya ƙare sai aka yi shiru na ɗan lokaci, sa'an nan wani dattijo daga cikinmu, wanda ya yi ritaya daga aikin akawu, ya tambaye ni: "To, shi Baturen fa, me aka yi masa?" Na amsa da cewa ba a yi masa komai ba. Sai ya sa takalmansa ya yi mana sai da safe. Ni ma a daren na kwana da irin wannan rashin gamsuwa, kuma wannan takarda ƙoƙari ne na gano ko laifin namu ne, masu kallo, ko kuwa na masu shirya fim ɗin.

2.0 Asalin Labarin

An gina fim ɗin a kan littafin ƙagaggen labari na Joyce Cary mai wannan suna, wanda aka buga a 1939. An haifi Cary a ƙasar Ailan a 1888, ya rasu a 1957. Ya yi aikin mulki a Arewacin Nijeriya tun daga lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya har zuwa 1920. Yana cikin sojan Ingila da suka yaƙi Jamusawa a Kamaru, kuma a dutsen Mora, nan kusa da iyakar Barno, aka ji masa rauni a 1915. Bayan haka ya zauna a Nafada, sa'an nan a ƙasar Borgu, inda shi kansa ya sha fama da aikin hanyoyi da gadoji. Ke nan ba da ka ya yi rubutun ba. Ya san ofishin Di'o, ya san baitulmali, ya san zango, kalmar da ya riƙa rubutawa da "zungo" a littafin.

Bruce Beresford, ɗan ƙasar Ostireliya, shi ya ba da umarni a fim ɗin, jim kaɗan bayan fim ɗinsa *Driving Miss Daisy* na 1989 wanda ya ci babbar lambar Oscar. Shi ma ya taɓa aikin fim a Inugu cikin shekarun 1960. William Boyd, marubucin Birtaniya da aka haifa a Akara, shi ya mayar da littafin zuwa wasa. An ɗauki fim ɗin a yankin Toro ta Jihar Bauci. Maynard Eziashi ya fito a matsayin Johnson, Pierce Brosnan a matsayin Rudbeck, Edward Woodward a matsayin Gollup. Daga 'yan wasan gida akwai Femi Fatoba a matsayin Waziri, da Hubert Ogunde a matsayin Brimah, uban Bamu. Ogunde ya rasu a watan Afrilu na 1990, wato wannan yana cikin ayyukansa na ƙarshe. A bikin finafinai na Barlin na 1991 Eziashi ya sami lambar gwarzon ɗan wasa.

2.1 Taƙaitaccen Labarin

A shekarar 1923 aka ajiye labarin, a wani ƙagaggen gari mai suna Fada. Johnson akawu ne ɗan Kudu, Kirista mai ilmin mishan, yana aiki a ƙarƙashin wani matashin jami'in mulki, Rudbeck. Yana ɗaukar kansa Bature, yana kiran Ingila gida ko da yake bai taɓa ganinta ba. Mai son biki ne da kiɗa da waƙa, kuma kullum bashi ya yi masa katutu. Ya auri Bamu, 'yar ƙauye, da alkawarin biyan kuɗin aure kaɗan-kaɗan.

Shi kuwa Rudbeck ba shi da buri sai gina hanyar mota da za ta haɗa Fada da babbar hanyar Arewa. Da kuɗin aikin suka ƙare, Johnson ya ba shi shawarar ya karkato da kuɗin da aka ware wa wasu ayyuka, a gyara lissafi a takarda. Rudbeck ya yarda. Da wani Bature mai suna Tring ya gano ɓarnar, Johnson aka kora. Ya koma aiki a kantin Gollup, tsohon soja mashayi mai cin zarafin baƙar fata, nan ma aka rabu dutse a hannun riga. Rudbeck ya sake ɗaukarsa aikin hanya, kuma da dabararsa aka tara ma'aikata har aka gama. Daga baya aka kama shi yana karɓar kuɗi daga masu bin hanyar ba bisa ƙa'ida ba, aka sake korarsa. Ya shiga kantin Gollup da dare don ya yi sata, Gollup ya rutsa shi, ya soke shi ya mutu. Rudbeck ne ya yi masa shari'a, aka yanke masa hukuncin rataya. Johnson ya roƙi Rudbeck ya harbe shi da hannunsa maimakon a rataye shi. Rudbeck ya ɗauki bindiga ya harbe shi.

3.0 Mizanin Mai Kallo

Kafin a ɗora wa fim laifi, ya kamata a binciki mai kallon. Bahaushe ya daɗe da sanin fim. Tun 1937 aka buɗe sinimar Rex a Kano, ga kuma majigin gwamnati da ke zagaya ƙauyuka. Finafinan kaboyi na Amurka su suka fara cin kasuwa, kafin na Indiya da na 'yan Sin su biyo baya. Tasirin kaboyi ya kai har Moustapha Alassane na Jamhuriyar Nijar ya shirya fim a 1966, *Le Retour d'un aventurier*, a kan wani saurayi da ya dawo daga tafiya da kayan kaboyi ya raba wa abokansa, suka addabi garinsu. Daga irin waɗannan finafinai ne 'yan kallo suka sami kalmomin "akta" da "bos", da kuma ƙa'idar da kowane yaro ya sani, cewa akta ba ya mutuwa, bos kuwa sai a ƙarshe ake gamawa da shi.

Mai karatu zai iya cewa wannan sabo ne ya hana mu jin daɗin *Mister Johnson*, tunda a nan akta ne ya mutu. Ban yarda da haka ba, kuma hujjata tana cikin adabinmu. Littafin *Shaihu Umar* na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito a 1934, Adamu Halilu kuma ya mayar da shi fim a 1976, da baƙin ciki ya ƙare: uwa ta sha bauta da wahala wajen neman ɗanta, ta gan shi, ba da jimawa ba ta cika. Ba a taɓa jin Bahaushe ya ce an cuce shi da wannan ƙarshe ba, domin mutuwar ta fito daga cikin labarin, kuma an san abin da ya jawo ta, wato cinikin bayi. Haka nan tauraro mai aibi ba baƙo ba ne gare mu. Gizo maƙaryaci ne, mahandami, maci amana, amma da shi aka rene mu. Malam Zurƙe da Alhaji Imam na *Ruwan Bagaja* sun yi wa juna da sauran jama'a wayo iri-iri, ana karantawa ana dariya.

Abin da mai sauraron tatsuniya da mai karatun ƙagaggen labari suka saba nema abu biyu ne. Na farko, a san mafarin kowane tauraro da dalilin abin da yake yi. Na biyu, sakamako ya dace da aiki, ko kuwa idan bai dace ba, labarin ya nuna ya san an yi zalunci. Da wannan mizani za a auna fim ɗin. Mizani ne da matarkan ko'ina za su amince da shi, ba na Bahaushe kaɗai ba.

4.0 Taurari

4.1 Johnson

E. M. Forster, a littafinsa na 1927 kan ƙagaggen labari, ya kasa taurari gida biyu: miƙaƙƙen tauraro, wanda halinsa ɗaya ne daga farko har ƙarshe, da kewayayyen tauraro, wanda al'amura ke sauya shi, har ya ba mai karatu mamaki. A ido Johnson kamar kewayayye ne, saboda yawan motsinsa da maganarsa da waƙarsa. Amma idan aka lura, Johnson ɗin da ya shigo a farkon fim shi ne ya fita a ƙarshe. An kore shi sau biyu daga aikin gwamnati, an wulaƙanta shi a kanti, matarsa ta koma gidan ubanta, ya yi kisan kai, duk da haka ra'ayinsa game da Ingila da Rudbeck bai gusa ko da taƙi ɗaya ba. Mutumin da duniya ta yi wa wannan juyin waina bai koyi komai ba, ko dai tabbataccen wawa ne, ko kuwa marubucin ne ya hana shi tunani. Johnson kuwa ba wawa ba ne, domin shi ya fi kowa basira a Fada: shi ya san yadda kuɗin gwamnati ke tafiya, shi ya san abin da zai fito da mutanen ƙauye aikin hanya. An ba shi basirar warware matsalar maigidansa, an hana shi basirar gane tasa.

Abu na biyu ya fi damuna, ƙila saboda halin da nake ciki. Johnson baƙo ne a Fada, aiki ya kai shi. Ni ma baƙo ne a Barno, Afuno kamar yadda Barebari ke kiranmu. Na san abin da ke cikin zuciyar ma'aikacin da aka tura nesa da gida: aiken kuɗi ƙarshen wata, ƙirga kwanakin hutu, neman wanda za a yi yaren gida da shi, jin labarin rasuwa bayan an yi jana'iza. Akawunan Kudu da suka zo Arewa a wancan zamani mutane ne masu asali. Don irinsu aka kafa Sabon Garin Kano wajen 1913, kuma a can suka gina majami'u da makarantu da ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya. Ita kanta kalmar "akawu" daga Yarbanci Hausa ta aro ta, shaidar cewa an yi zaman tare mai tsawo. Amma Johnson ba shi da gari, ba shi da dangin da yake tunawa, ba a ma san harshen da aka yi masa rarrashi da shi yana jariri ba. An yanke masa saiwa domin ya zama ba shi da wurin jingina sai Bature. Wannan ba akawun tarihi ba ne, akawun da ubangidansa ke hange daga bayan tebur ne.

Akwai kuma batun shekaru. A littafin Cary, Johnson yaro ne ɗan kimanin shekara goma sha bakwai, don haka ana iya ɗaukar rawar kansa a matsayin ƙuruciya. Eziashi kuwa, wanda aka haifa a 1965, ya haura ashirin da 'yan kai lokacin ɗaukar fim ɗin. Da aka ɗora halin yaro a jikin cikakken namiji, sai ƙuruciya ta koma ɗabi'a, fim ɗin kuma ya faɗa cikin tsohuwar da'awar 'yan mulkin mallaka, cewa baƙin mutum yaro ne komai girmansa.

4.2 Rudbeck da Gollup

An kyautata wa Rudbeck fiye da kima. An nuna shi mutum mai ƙwazo, marar mugunta, wanda son aiki ya ɗan rufe wa ido. Amma bari mu bi lissafin. Shi ke da sa hannu a kan kuɗin gwamnati, shi ya amince a karkatar da su, shi ya sami hanyarsa. Da asiri ya tonu, akawu ne ya rasa abincinsa. Da Johnson ya yi amfani da darasin da suka koya tare, wato cewa doka abar lanƙwasawa ce idan buƙata ta taso, ya karɓi kuɗi don aljihunsa, sai Rudbeck ya tuna da ƙa'ida. Gaskiya ne akwai bambanci tsakanin wanda ya karkatar da kuɗi don aikin jama'a da wanda ya zuba a aljihu. Sai dai in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Fim ɗin ya ga wannan, ya ɗan taɓa shi, sa'an nan ya janye hannu. Ba a kai Rudbeck inda zai yi asarar ko da kwabo ba, balle muƙami.

Gollup shi ne bos a idon ɗan kallo: mashayi, mai zagi, mai duka. Woodward ya yi wasan da kyau, kuma shi ne tauraron da ya fi kama da mutum mai jini a jika, domin yakan zauna ya sha da Johnson yau, gobe ya ci mutuncinsa. Amma aikin da yake yi a tsarin labarin abin lura ne. An tattara duk munin mulkin mallaka an zuba a kan ɗan kanti marar ilmi, domin jami'in mulki mai ilmi ya fita da farar riga. Mai kallo zai tashi da tunanin cewa matsalar ita ce miyagun Turawa irin Gollup, alhali Gollup bai kori kowa daga aikin gwamnati ba, bai kuma yanke wa kowa hukuncin kisa ba.

4.3 Mutanen Fada

A nan ne manazarcin Hausa zai fi jin takaici. Sunan garin Fada, kuma kowa ya san ma'anar kalmar a Hausa, amma fadar da ke cikin fim ɗin kufai ce. Waziri ba shi da aiki sai makirci da sayen asirin ofishin Bature daga hannun Johnson. Ba a musun cewa an yi miyagun fadawa, kuma adabinmu bai ɓoye su ba. Abubakar Imam ya ƙagi mugun waziri a *Magana Jari Ce*, wanda ya fito tsakanin 1937 da 1939, wato tsaran littafin Cary ne. Amma wazirin Imam an san abin da yake so, sarauta yake nema, an san da wa ya haɗa baki, an kuma ga ƙarshensa. Wazirin Fada kuwa yana da hujja mai ƙarfi da za a iya ba shi: hanyar mota za ta kawo baƙi da ɓarayi, ta kuma rage ikon sarki a kan talakawansa. Hujja ce da za ta iya tsayawa gaba da gaba da ta Rudbeck, a sami rikici na ra'ayi tsakanin manya biyu. Maimakon haka an mai da ita son zuciyar tsohon maƙetaci. Ba a ga alƙali mai ilmi ba, ba a ga malami ba, ba a ga ma'ajin da ya san lissafinsa ba, alhali a shekarar da aka ajiye labarin baitulmalin En'e ya fi shekara goma da kafuwa a manyan masarautu, Kwalejin Katsina kuma ta riga ta fara yaye hankalin samarin Arewa tun 1922.

Bamu ita ce mai hankali a gidan Johnson. Ta ƙi kayan Turawan da yake tilasta mata, ta san bashi ba dukiya ba ne. Amma ba a ba ta fili ta faɗi abin da ke ranta ba, sai ta zama kamar kayan da aka saya bashi, mai shi ya zo ya ɗauke da aka kasa biya.

Sai leburori. Fim ɗin ya nuna ɗaruruwan mutane suna sara daji cikin kiɗa da waƙa da annashuwa, Johnson na gaba yana zuga su. Hoton yana da kyau ƙwarai, amma tarihi bai san wannan annashuwa ba. Da aikin tilas aka shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Baro zuwa Kano, wadda ta isa Kano a 1911, haka kuma yawancin hanyoyin mota na farko: Di'o ya faɗa wa hakimi adadi, hakimi ya faɗa wa dagaci, dagaci ya fito da mutane daga gonakinsu. Sai a 1933 aka yi dokar da ta taƙaita aikin tilas a Nijeriya, kuma duk da haka a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu an kwashi dubban talakawa zuwa haƙar kuza a Jos, abin da Hausawa suka kira ɗiban gwamna. Mutanen da suka ba wannan abu suna ba su ɗauke shi biki ba.

Idan aka duba da kyau, zubin fim ɗin zubin kaboyi ne da aka sauya wa tufafi. Ga ƙauye a bakin daji, ga Bature ɗaya mai riƙe da doka, ga kanti da giya, ga hanya da za ta kawo "ci gaba" kamar yadda jirgin ƙasa ke yi a finafinan Amurka, ga kuma 'yan ƙasa a matsayin da ake ajiye jajayen Indiyawa, wato wani ɓangare na shimfiɗar ƙasa, tamkar duwatsu da itatuwa. Har rufewar ma da harbin bindiga aka yi ta.

5.0 Ƙarshen Labarin

Abu na farko da ya ɗaure wa maƙwabtana kai shi ne yadda Rudbeck, wanda ke da hannu a mafarin lalacewar Johnson, ya zama shi ne alƙalinsa. A nan dole a yi wa fim ɗin adalci, domin haka tsarin yake. Daga 1914, ƙarƙashin dokar kotunan lardi ta Lugga, jami'an mulki su ne alƙalai, ba a yarda lauya ya tsaya a gabansu ba, hukuncin kisa kuwa sai Gwamna ya tabbatar. Sai a 1933, zamanin Gwamna Cameron, aka soke wannan tsari. Ke nan fim ɗin bai yi ƙarya ba. Laifinsa shi ne ya sami wannan babban abin tambaya a hannunsa, bai tambaya ba. An nuna nauyin shari'ar a kan zuciyar alƙali, ba a nuna rashin dacewar zamansa a kujerar ba.

Abu na biyu shi ne roƙon da Johnson ya yi. Ba a ce kada ya mutu ba. Ya kashe rai, kuma a kowace shari'a, ta Musulunci ko ta Turawa, wannan babban al'amari ne. Abin da ya ɓata ƙarshen shi ne yadda aka mai da kisan alfarma. Johnson bai yi fushi ba, bai zargi kowa ba, ya wanke Rudbeck tas, sa'an nan ya nemi harsashi daga hannunsa kamar mai neman tukuici. Da a ce a wannan dare na ƙarshe ya yi tambaya ɗaya tak, ya ce wa maigidansa, "Lissafin nan da muka gyara tare, me ya sa ni kaɗai na biya?", da labarin ya tashi daga abin tausayi ya zama abin tsoro, kuma da Johnson ya mutu yana cikakken mutum. An hana shi wannan tambaya saboda amsarta za ta rushe Rudbeck.

Abu na uku shi ne wanda aka bar mai kallo da shi. Littafin ya rufe da Rudbeck yana ba matarsa labarin abin da ya aikata, fim ɗin ma a kan damuwarsa ya jingina nauyin ƙarshen. Wato tausayin da aka tara wa wanda aka kashe, a minti na ƙarshe an juye shi a kan wanda ya kashe. Hanya ta tabbata, motoci suna bi, mai hanya yana nan da muƙaminsa da ɗan ciwon zuciyar da zai warke. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wannan ita ce amsar tambayar dattijon nan na Galtimari.

Ba mu ne farkon waɗanda wannan ƙarshe ya tsaya wa a maƙogwaro ba. Chinua Achebe, a littafinsa *Home and Exile* na 2000, ya ba da labarin yadda aka karantar da su littafin Cary a Kwalejin Jami'a ta Ibadan, da yadda wani ɗan ajinsu ya shaida wa malaminsu Bature cewa bai ji daɗin komai a littafin ba sai wurin da aka harbe Johnson. Ɗalibin ba mugunta yake nufi ba. Yana nufin bai ga ɗan Nijeriya a jikin Johnson ba, balle ya yi masa kuka. An sani kuma cewa rashin gamsuwa da wannan littafi yana cikin abubuwan da suka zaburar da Achebe ya rubuta *Things Fall Apart*, wanda ya fito a 1958. Abin mamaki shi ne a ce shekara talatin da biyu bayan wannan amsa, an sake ɗauko labarin an mai da shi fim ba tare da an gyara ginshiƙinsa ba.

6.0 Abin da Za a Iya Faɗa don Kare Fim ɗin

Masu kare fim ɗin suna da hujjoji, kuma ba na banza ba ne. Na farko, suna cewa gugar zana ce: an nuna biyayyar Johnson har bakin kabari ne domin a fallasa irin ɓarnar da mulkin mallaka ke yi wa tunanin wanda aka mallaka. Na yarda akwai alamar wannan niyya, kuma fim ɗin ya rage kaifin wasu kalaman raini da ke cikin littafin. Amma gugar zana tana buƙatar wani a cikin labarin, ko da mutum ɗaya, wanda ke tsaye a inda za a hango gaskiya. A Fada babu baƙin mutum ko ɗaya da aka ba wannan matsayi da ƙarfin da zai yi tasiri. Idan mai kallo ne kaɗai zai kawo fassarar daga gidansa, to wanda ya zo da tsohon ra'ayi da shi zai koma, har da ƙarin hujja.

Na biyu, wasan Eziashi. Babu shakka ya cancanci lambar da ya samu. Ya sa wa Johnson kwarjini da farin jini, har mutum kan manta da raunin rubutun. Sai dai ƙwarewar ɗan wasa ba ta cike giɓin da marubuci ya bari, takan ma sa a fi ganinsa. Na uku, kyan hoto. Duwatsun Toro da hasken rani da jar ƙasa sun fito yadda duk ɗan Arewa zai ji kewar gida. A nan ba ni da ja. Sai dai na lura an fi kula da ƙasar a kan mutanenta.

7.0 Kammalawa

Wannan takarda ta yi ƙoƙarin nuna cewa rashin gamsuwar mai kallo da *Mister Johnson* bai taso daga sabo da finafinan da akta ba ya mutuwa ba, domin adabin Hausa ya san baƙin ƙarshe, ya kuma san tauraro mai aibi. Ya taso ne daga abubuwa uku: babban tauraro da aka raba da asali aka kuma hana shi koyon darasi, 'yan ƙasa da aka mai da su adon fage, da ƙarshen da ya sauya hukuncin kisa ya zama kyauta, ya kuma miƙa tausayi ga mai bindiga.

Ba ina kira a guji fim ɗin ba ne. Ina ganin ya dace a nuna shi ga ɗaliban adabi a sassanmu, a haɗa shi da *Ganɗoki* na Bello Kagara da *Shaihu Umar*, domin su ga yadda zamani kusan ɗaya ke sauya kama gwargwadon wanda ke riƙe da alƙalami. Akwai kuma aiki a gaban masu shirya finafinan Hausa. A shekarar da *Mister Johnson* ya fito, 1990, a cikinta ne ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da *Turmin Danya*, wanda ake ɗauka mafarin finafinan Hausa na bidiyo. Sana'ar ta bunƙasa tun daga lokacin, amma labarin akawu da tafinta da masinja da leburan hanya na zamanin Turawa bai sami kulawar da ta dace da shi ba. Jikokin waɗanda suka sari dajin suna nan da ransu, kuma a gidaje da yawa ana tuna sunan kakan da aka ɗiba bai dawo ba. Su ya kamata a tambaya yadda aka yi hanyar, tun kafin masu ba da labarin su ƙare.